Birki a Ƙafar Hagu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a koma. Wannan kowa ya faɗa a ƙofar gidan Yaya a Gwaram ranar da muka kai shi makwancinsa. Abin da ya biyo bayan kalmar ne ya bambanta daga baki zuwa baki. Ni ne autan ɗakinmu, ni kaɗai na rage, don haka ni aka zaunar a tabarmar zaure ina karɓar gaisuwa, kunnena kuwa ya sha magana.

Tsofaffin ma'aikatan hanya uku suka zo, waɗanda suka yi aikin titi tare da shi tun zamanin Turawa. Ɗaya ya ce shi bai taɓa ganin bakaniken da yake ɗora sifana a jikin inji, ya kara kunne a ɗaya bakin, ya faɗi ciwon injin ba, sai Yaya. Samarin gari masu babura suka zo a jere, amma tun daga bakin kasuwa suka kashe injuna suka turo da hannu, don sun san ya tsani a murɗa totur a ƙofar gidan mutane. Wani malamin asibiti Kirista, mutumin kudu, ya cire hularsa ya durƙusa, da Hausarsa mai gargada ya ce, "Baba ya tafi, wa zai yi mana faɗa yanzu?" Wani dattijon Bafulatani ya zauna can ƙarshen tabarma, sai share ido yake da bakin rawani.

Sai kuma wani ɗan kasuwa daga Kano. Ko addu'a bai gama shafawa ba ya matso kusa da ni yana raɗa: "Malam, jan babur ɗin nan da ke rumfa, in magada za su sayar, a tuna da ni." Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, "Alhaji, ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Ga hanya." Aka ce na yi zafi. To, na yi.

Amma ba shi ya ƙona ni ba. Liman ne, da kyakkyawar niyya. Ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce, "Sannu, kai ne bakin yayanka. Duk saƙon da ya ba ka ka isar." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Ni ne bakinsa, gaskiya ne. Amma akwai ranar da bakin nan ya yanke rabin saƙo, ɗan Yaya na fari ya mutu a dalilin haka, aka ɗora wa mamacin laifin ƙin jin maganar uba, ni kuma na yi shiru shekara tara. Ba zan iya ba da labarin Yaya in tsallake wannan ba.

Ni tela ne a Birnin Kudu. Yaya ya girme ni da kusan shekara ashirin, ɗansa na fari kuwa shekara biyar kawai na ba shi. Tun da aka yaye yaron aka kawo shi wurin mahaifiyarmu, tare muka tashi, kwano ɗaya, tabarma ɗaya, yana ce mini Baffa muna kokawa. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Yaya ta wuce ta kowa. Bai taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" yake cewa, ko "wancan". In yaron ya durƙusa gaisuwa, sai Yaya ya amsa yana kallon bango. In kuwa akwai magana, ni ake kira ko da su biyun suna zaure ɗaya: "Ka ce wa yaron nan kaza." Ni kuma in juya in ce, "Ya ce kaza."

To, maganar Yaya a bushe take fita, ba gishiri ba mai. Sai na saba gyara ta a hanya. In ya ce, "Ka ce masa shi sakarai ne da ya sayar da geronsa tun kaka," sai in ce, "Ya ce baɗi ka ɗan riƙe geron." In ya yi tsawo in rage, in ya yi kaushi in sassauta. Aikin tela ne, har ina jin daɗin kaina a kai.

Babur ɗin na wani Bature ne injiniyan hanya, wanda Yaya ya yi wa aiki. Ba irin na zuwa ofis ba ne, na tsere ne, kansa a sunkuye, tankinsa dogo. Da aka zo samun 'yancin kai Baturen zai koma ƙasarsu, injin ya riga ya cije, sai ya bar wa Yaya shi yadda ake barin tsohon takalmi. Yaya ya ɗoro shi a motar tsakuwa ya kawo Gwaram, ya jingine a rumfar bayan zaure ya rufe da zana. Ya fi shekara goma a nan. Kaji suka yi ta ƙwai a ƙarƙashinsa, matar Yaya tana shanya tsumma a kansa.

Sai shekarun man fetur suka zo. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, baburan Japan suka cika gari, duk malamin da ka gani yana bisa ɗaya. Ɗan Yaya lokacin malamin gona ne a Birnin Kudu, shi ma ya sayi nasa, ya goyo ni muka je Gwaram a sa albarka. Yaya ya fito ya zagaya babur ɗin sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa tankin da farce. Ya ce mini, "Ka tambaye shi, wannan gwangwanin yana kaiwa Kano kuwa?" Na ce, "Ya ce Allah ya sa alheri." Yaron ya yi dariya ƙasa-ƙasa, don ya ji na farkon da kunnensa.

Mako bai zagayo ba Yaya ya yaye zanar nan.

Wanda bai ga Yaya yana aiki ba bai san shi ba. Sai ya shimfiɗa farin ƙyalle, duk notin da ya kwance ya ajiye a jere yadda ya fito, kuma kaiton kazar da ta taka ƙyallen. Tasar miyar matarsa ya ɗauke ya zuba kananzir yana wanke ƙarafa, suka yi mako suna cacar baki a kan tasar. Sifanar Japan ba ta kama notin wannan babur, sai tsofaffin sifanunsa na aikin hanya, da ya naɗe a fatar akuya. Bai yarda a matsa wa ƙarfe ba. In ya ga mutum yana dukan noti da guduma sai ya ce, "Wa ya aike ka? Zuba masa mai ka je ka yi salla." Fistin ɗin da ya cije, wata biyu ya yi yana ɗiga masa mai safe da yamma kafin ya motsa. Ringin da ya samo a Kano ya yi girma, ya zauna da magagari ya rage shi da hannu. Ya fitar da lotsawar tanki, ya fesa masa jan fenti, ya datse murfin tayar baya, ya ƙara sunkuyar da kan. Sirdin ni na ɗinka, da jar fatar dukawa, sau uku yana mayar mini wai ɗinkin ya karkace. Na ce, "Yaya, zama za a yi a kai ko za a kai shi gasa?" Ya ce, "Warware."

Damina biyu aka yi ana wannan. Duk ranar kasuwar Gwaram yaron zai zo ya tsuguna a bakin rumfa, ba kusa ba, ba nesa ba. Yaya ba zai dube shi ba. Sai dai ya miƙa hannu gefe ya ce wa iska, "A ba ni waccan." Yaron ya ɗauki daidai sifanar da ake nufi ya sa masa a tafi. Iyakar hirarsu ke nan, kuma ban taɓa ganin mutum biyu suna jin daɗin juna kamar su a rumfar nan ba. A lokacin na gane cewa ba don baburan Japan Yaya ya yaye zana ba.

Ranar da injin ya tashi, rabin unguwa sun fito. Ƙararsa ba irin ta 'yan Japan ba ce, a ƙirji kake jin ta. Matar Yaya ta leƙo ta katanga ta ce mini, "Kai, mijina ƙarami, gaya wa yayanka ya dawo mini da tasata tunda aljaninsa ya farka." Haka muke da ita, wasan ƙanin miji, tun ina ɗan ƙarami.

Akwai abu ɗaya game da babur ɗin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Baburan Japan birkinsu na ƙafa a dama yake, giya a hagu. Wannan na Turawan Ingila ne, nasa a juye yake: birki a hagu, giya a dama, kuma in ka danna ta ƙasa ƙara giya kake. Birkin hannu kuwa, duk mai babur a ƙasarmu an koya masa kada ya damƙe shi a kan tsakuwa, don kayar da mutum yake.

Bayan girbi ne, ranar kasuwa. Yaron ya goyo ni muka zo, muna shiga gari sarƙar babur ɗinsa ta tsinke. Yana da taron manoma da la'asar a Birnin Kudu. Bayan azahar Yaya ya kira ni zaure, maƙwabcinsa mai goro yana zaune yana ji. Ya ce, "Ka ce wa yaron nan ya tafi da wancan." Jan babur ɗin yake nufi, ya kuma san abin da yake bayarwa. Ya ci gaba: "Ka ce masa birki a hagu. Kuma kada ya hau titi sai ya je filin makaranta ya zagaya sau ashirin, kowane zagaye ya taka birki ya tsaya cak. Kansa ya sani, ƙafarsa ba ta sani ba. Ko zai makara, ya makara."

Na fita. Yaron yana ƙofar gida da abokan aikinsa biyu, malamai masu agogo a hannu. Na dube su, na dube shi. Magidanci mai 'ya'ya biyu, shekara biyu yana bisa babur, in ce masa a gabansu ya je filin 'yan makaranta ya yi ta zagaye kamar ɗan koyo? Na ce a raina, fitinar tsofaffi ce. Sai na sa almakashi.

"Ya ce ka tafi da nasa. Birki a hagu, giya a dama."

Ya tsaya kamar bai ji ba. "Baffa, da gaske? Shi ya faɗa?"

"Da bakinsa."

Idonsa ya kawo ruwa, ya wayance da dariya. "Birki a hagu ai na sani, Baffa. Damina biyu ina kallonsa."

Na koma zaure. Yaya ya ce, "Ka faɗa masa?" Na ce na faɗa. Ya ce, "Duka?" Na ce, "Duka." Ya fito bakin zaure ya tsaya, hannu a baya, yana kallon wata bishiya kamar ba ruwansa. Yaron ya buga kik, injin ya amsa, ya ɗan rusuna ta wajen ubansa, ya ja. Ni kuwa na wuce kasuwa sayen zare, zan bi motar yamma.

Ko la'asar ba a kira ba labari ya zo. Bai kai Birnin Kudu ba. A wata gangara kafin ƙaramar gada, shanu suna tsallaka titi zuwa karan gonaki. Makiyayin, wannan Bafulatanin da ya zo gaisuwa, shi ya gani. Ya ce tun daga nesa yaron ya hango shanun, akwai isasshen wurin tsayawa. Ya ga ƙafarsa ta dama tana dannawa, tana dannawa, babur ɗin kuwa sai ƙara zuwa yake. Da yaron ya ga zai shiga cikin garken ya kauce, ya haɗu da bakin gadar. Bafulatanin ya ce da ya isa kansa da sauran numfashi, ya yi masa kalmar shahada, ya amsa.

Kafin magariba mun binne shi. Yaya bai yi hawaye ba, uban ɗan fari ba ya yi. Ya zauna yana amsa "Ya haƙuri" da "Sai godiya", muryarsa ko rawa ba ta yi. Uwar ma haka, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa, ba wanda ya ji kukanta. Ni da nake Baffa ni na yi ta birgima, mutane suna cewa dubi ƙauna.

A kwana na biyu mai goro ya buɗe baki, ba da mugunta ba. Ya ce, "Allah sarki, a gabana aka ba da saƙo, aka ce ya zagaya fili sau ashirin. Yaran zamani ba sa jin magana." Idon 'yan zaure ya dawo kaina. Kalma huɗu ce za ta wanke yaron: ban faɗa masa ba. Na sunkuyar da kai na yi shiru, aka ɗauki shiruna a matsayin shaida. Kafin sadakar bakwai duk Gwaram ta san cewa ɗan bakanike ya tsallake maganar ubansa, Allah ya kama shi a hanya. Har iyaye suna yi wa 'ya'yansu misali da shi.

Dangin uwar suka so a kai makiyayin gaban alƙali, har wasu samari suna maganar a je rugar. Yaya ya ɗauki sandarsa ya tafi rugar a ƙasa, shi kaɗai. Ya tarar da mutumin ya haɗa kayansa zai gudu. Ya ce masa, "Kwance kayanka. Saniya ba ta san birki ba. Kai ka yi wa yaron nan shahada, ni ban yi masa ba." Ya dawo ya gaya wa surukansa duk wanda ya taɓa Bafulatanin nan, da shi zai yi shari'a. Sun yi shekara ba sa gaisawa da shi, ko a jikinsa.

Babur ɗin aka kawo a mota, gabansa a murɗe. Kowa ya ɗauka maƙera za a kai wa su yi fartanya. Yaya ya sa aka mayar da shi rumfa, bayan arba'in ya sake shimfiɗa farin ƙyalle. A nan suka yi faɗan da ban taɓa jin sun yi ba. Ina tsakar gida, matarsa ta fito ta tsaya a kansa.

"Malam, abin da ya cinye mini ɗa za ka sake tayarwa a cikin gidana?"

"Ba shi ya ci shi ba."

"To wa?"

Yaya ya ci gaba da goge ƙarfe. Ta ce ko babur ya fita ko ita ta fita. Ta tafi gidansu a Kiyako ta yi wata uku, ni aka aika bikonta, wa kuma za a aika? A hanya ta gaya mini abin da ya fi ƙarfen ci mata rai. Ta ce, "Mutuwa ta kowa ce. Amma ɗana ya tafi yana saɓa wa ubansa. Kullum in na sa goshi a ƙasa gafarar wannan nake roƙa masa. Kai da ka fi kowa saninsa, me ya shiga kansa ranar?" Na ce, "Ƙaddara ce." Allah ya gani, haka na ce mata.

Abin da Yaya ya sa a gaba shi ne ya mayar da birkin dama, giyar ta koma hagu. Bakanikan Kano sun ce masa ba ya yiwuwa, a cikin injin aka haife shi haka. Ya ce to. Ya zana abin a ƙasa da tsinke, ya je wurin maƙerin unguwa, suka ƙera sandar ƙarfe da za ta ratsa ta ƙarƙashin injin ta ɗauko birkin daga hagu, wata kuma ta kai giyar ɗaya ɓangaren. Ta farko ta lanƙwashe. Ta biyu tana cijewa. Ta uku giya ba ta shiga daidai. Shekara huɗu yana yi yana warwarewa, idonsa yana raguwa, har sai da ya koma shafa noti da yatsa. Ranar da ya gama, ya ɗora babur ɗin a kan turmi, ya tayar, tayar baya tana juyawa a iska, ya sa ƙafar dama ya taka. Ta tsaya cak. Ya sake. Ta tsaya. Ya yi ta yi har na daina ƙirgawa, sannan ya kashe ya shiga gida. Bai taɓa hawansa ba, bai kuma bar kowa ya hau ba.

A shekarun nan ne ya zama abin tsoron masu sabon babur. Duk wanda ya sayi babur a Gwaram, malami ne ko ɗan kasuwa, in ya kawo gyara sai Yaya ya tasa shi gaba zuwa filin makaranta. "Zagaya. Taka. Tsaya. Sake." Malamin asibitin nan ya taɓa ce masa, "Baba, ina da lasin fa." Yaya ya ce, "Lasin a aljihu yake. Sake." Da bakinsa yake faɗa wa kowa, yana kallon mutum cikin ido, ba ya aike. Ni kuwa duk ranar da na gan shi a filin nan sai in canza hanya.

Na sha yin niyya. Sau nawa na hau mota daga Birnin Kudu da maganar a bakina, in zo in tarar da shi a rumfa, ya ce, "Auta, ka zo? A kawo masa fura," sai in haɗiye. Tsoro nake, ba na ɓoyewa. Ba tsoron faɗansa ba, tsoron kada ya dube ni ya daina ce mini Auta.

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a farkon daminar bana. Da na ga ƙafafunsa sun kumbura na san lokaci ya ƙure mini. Ranar Asabar da hantsi na shiga ɗakinsa, matarsa tana tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa a bakin gado na ce, "Yaya, akwai maganar da na riƙe." Na faɗa masa duka, wannan karon ban rage komai ba. Na ce yaron bai taɓa jin zancen fili ba, ni na yanke, na kuma yi masa ƙarya a zaure. Na ce ya yafe mini.

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

"Auta, ka ɗauka ban sani ba?"

Na ɗago na dube shi, ya ci gaba.

"Yaron nan bai taɓa tsallake maganata ba, ko da wasa. Fili yana gabas, titi yana yamma. Da na ga ya karya kan babur yamma na san saƙo bai isa ba." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ina tsaye a bakin zaure. Bai fi taku talatin ba. A hankali yake tafiya, yana jin giya. Da na ɗaga murya zai ji. Sai in kira shi da me? A gaban abokansa, a gaban mai goro? Na buɗe baki na rufe. Na ce Allah zai kiyaye."

Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne, bai share ba.

"Kai rabi ka yanke. Ni gaba ɗaya na haɗiye. Da mai goro ya yi maganarsa, na ga ka sunkuyar da kai, na ce in na wanke yaron na tona ka, na tona kaina. Sai na bar wanda ba zai iya magana ba ya ɗauka. Me zan yafe maka? Na yafe. Allah ya yafe mana."

Ƙarar rariya tana shigowa daga waje. Can ya motsa hannu, ya ce, "Ka je ka ce wa uwarsa..."

Na ce, "A'a, Yaya."

Ya juyo da kai. Tun da nake ban taɓa ce masa a'a ba.

"Ba zan kai ba. Ga ta nan a tsakar gida. Ka kira ta."

Ya dube ni har na ɗauka zai zage ni. Sai ya tattara abin da ya rage masa na ƙarfi ya kira ta. Ta shigo da gari a hannunta, ni na fita zaure. Ban ji abin da ya ce ba. Can dai na ji kukanta, irin wanda ake yi ranar mutuwa, har maƙwabta suka fara shigowa suna salati sun ɗauka Yaya ya cika. Kwana uku ya ƙara a duniya.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da ɗansa inda ba kunya tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa yi wa ɗansa misali da yaron nan, ya sani yau cewa ƙarya aka yi masa, kuma ni na yi ta.

Ranar da aka share makoki na shiga cikin gida in yi wa matar Yaya sallama. Tana zaune a kan tabarmar takaba, carbi a hannu. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce ta yafe mini. Ba ta ɗago ba.

"Shekara tara ina roƙa wa ɗana gafarar laifin da bai yi ba. Na tambaye ka a hanyar Kiyako, ka ce ƙaddara."

Na ce, "Haka ne."

"Yayanka na yafe masa, don yana kan hanya, ba zan riƙe shi ba." Ta ja ƙwayar carbi ɗaya. "Kai da sauran kwananka. Ka jira."

Na dawo Birnin Kudu na buɗe shago. Duk ranar kasuwar Gwaram nakan hau mota in je in durƙusa a bakin ƙofarta in gaishe ta. Tana amsawa, tana kallon bango. Ina jira.